Ranar da Doka Ta Juya Kan Mai Saye: Tarihin Hukunta Masu Biyan Kuɗin Karuwanci daga Suwidin zuwa Faransa

A ranar 1 ga Janairu, 1999, wata gajeriyar doka ta fara aiki a ƙasar Suwidin. Abin da ta tanada shi ne duk wanda ya biya kuɗi don a kwana da shi ya aikata laifi, za a ci shi tara ko a ɗaure shi har wata shida. Wadda ta karɓi kuɗin kuwa babu abin da doka za ta yi mata. Kafin wannan rana hanyoyi uku duniya ta sani na tunkarar karuwanci: ko a haramta shi a kama mace, ko a yi masa rajista a sa wa mace ido, ko a kau da kai a bar 'yan sanda su yi yadda suka ga dama da mace. Ba a taɓa samun ƙasar da ta ɗora laifin a wuyan mai saye shi kaɗai ba. Yau, bayan sama da shekara 25, Norwe da Aisland da Kanada da Faransa da Ailan da Isra'ila duk sun ari wannan tsari, kuma har yanzu ba a daina musu a kansa ba. Abin da tarihinsa ya nuna, a fahimtata, shi ne dokar ta yi nasarar sauya wanda ake kira mai laifi, amma sau da yawa ta kasa sauya wanda azabar take sauka a kansa. Dalilin wannan gazawa kuwa yana cikin abubuwan da aka bari a gefen dokar ba a taɓa ba, da kuma alkawuran da aka ɗauka ba a cika ba.

Sai an koma birnin Faris na farkon ƙarni na 19, zamanin Napoleon, kafin a gane abin da ya sa dokar Suwidin ta zama baƙon abu. A nan aka kafa tsarin da kusan duk Turai ta kwaikwaya daga baya: a rubuta sunan karuwa a kundin 'yan sanda, a ba ta kati, a tilasta mata bayyana gaban likita a kai a kai, in an same ta da ciwon sanyi ko tunjere a tsare ta. Likita Alexandre Parent-Duchâtelet, wanda ya yi shekaru yana nazarin magudanan ƙazantar birnin kafin ya koma kan karuwai, shi ya ba tsarin hujjarsa a littafinsa da aka buga a 1836: karuwanci ba makawa ne a babban birni, aikin hukuma kawai ta tsaftace shi. Birtaniya ta bi sahu da dokokin cututtuka masu yaɗuwa na 1864 da 1866 da 1869, waɗanda suka shafi garuruwan barikin soja da tashoshin jiragen ruwa irin su Portsmouth da Plymouth da Aldershot. Ɗan sandan farin kaya yana iya nuna kowace mace ya ce yana zarginta, a duba ta da ƙarfin tsiya, a kulle ta a asibiti har wata tara. Sojan da ya kwana da ita ba mai taɓa shi. Hasali ma tun 1859 aka daina tilasta wa sojoji irin wannan dubawa saboda suna ganinta a matsayin cin mutunci. Kwamitin binciken da masarauta ta naɗa ya faɗi dalilin ƙarara a 1871, cewa ita mace neman kuɗi ne ya kai ta, shi kuwa namiji sha'awar ɗabi'a ce ta ɗebe shi, saboda haka ba a haɗa su a ma'auni ɗaya.

Wannan rashin adalci ne ya tayar da Josephine Butler, matar wani shugaban makaranta a Liverpool, wadda ta jagoranci ƙungiyar mata ta ƙasa daga 1869. Ta yi ta zagaya garuruwa tana jawabi a zamanin da ake ganin abin kunya ne mace mai mutunci ta ambaci irin wannan magana a bainar jama'a, har aka dakatar da dokokin a 1883, aka soke su a 1886. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ta kafa a 1875 ta kai gwagwarmayar sauran Turai. A Stockholm an ci gaba da rajistar mata da duba su har 1918, bayan nan ma aka riƙa tsare su da dokar hana zaman kashe wando har zuwa shekarun 1960. Faransa ta rufe gidajen karuwai masu lasisi da dokar 13 ga Afrilu, 1946, wadda ake kira da sunan Marthe Richard. Italiya ta rufe nata a 1958. A watan Disambar 1949 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta nemi ƙasashe su hukunta masu safarar mutane da masu cin moriyar karuwancin wasu, su kuma daina yi wa mata rajista. Sai dai duk wannan tafiya ta kusan shekara 80 mutum na biyu kawai ta gurfanar gaban shari'a, wato kawali da magajiya. Na ukun, wanda kuɗin aljihunsa ne ke juya harkar baki ɗaya, babu dokar da ta kira sunansa.

A Suwidin ne aka fara tambayar ina wannan na ukun ya shiga. A 1977 gwamnati ta naɗa kwamitin binciken karuwanci, kuma masu binciken suka zauna da matan suka saurari tarihin rayuwarsu: talauci, fyaɗe tun suna ƙanana, shaye-shaye, gudun gida. A lokaci guda ma'aikatan jin daɗin jama'a a birnin Malmö suna fita titi da dare suna neman matan da tayin masauki da aiki, masana irin su Sven-Axel Månsson kuma suka fara nazarin mazan da ke zuwa saye, suka tarar galibinsu mutanen gari ne na yau da kullum, da yawansu da aure ko budurwa. Rahoton da ya fito a 1981 bai ba da shawarar hukunta kowa ba. Amma daga 1987 ƙungiyar gidajen fakewar matan da ake duka ta ƙasar, wadda aka fi sani da ROKS, ta riƙa kai wa 'yan majalisa mata buƙata ɗaya kowace shekara: a hukunta mai saye. Kwamiti na biyu, ƙarƙashin Inga-Britt Törnell, ya miƙa rahotonsa a 1995. Ya ƙiyasta cewa mata kusan 2,500 ne ke sayar da jikinsu a ƙasar, kimanin 650 daga cikinsu a kan titi, ya kuma ba da shawarar a hukunta mai saye da mai sayarwa duka. Yawancin hukumomi da ƙungiyoyin da aka nemi ra'ayinsu suka ƙi amincewa da a taɓa macen, kuma daga wannan ƙin ne dokar da muka sani ta samo siffarta.

Siyasar lokacin ma ta taimaka. Zaɓen 1994 ya ba mata kusan kashi 40 cikin ɗari na kujerun majalisa, kuma matan jam'iyyu daban-daban suka haɗa kai a kan wannan batu. Tarayyar Sobiyet ta rushe, Suwidin ta shiga Tarayyar Turai a 1995, tsoro ya shiga zukata cewa za a yi ta kwararo 'yan mata daga gabashin Turai. Gwamnatin Göran Persson ta saka haramcin saye cikin wani babban ƙunshin dokokin kare mata, tare da sabon laifin cin zarafin mace a kai a kai a gidan aure da faɗaɗa ma'anar fyaɗe. Majalisa ta amince a 1998 da ƙuri'a 181, masu adawa 92. Jam'iyyun masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi suka ƙi, jam'iyyar Kiristoci kuma ta ƙaurace don ita so take a hukunta duka biyun. Hujjar gwamnati a bayyane take. Mai sayarwa ita ce mai rauni a wannan ciniki, ba daidai ba ne a hukunta wadda ake ci da guminta, in kuma aka mai da ita mai laifi za ta ji tsoron neman taimako. An kuma so dokar ta tarbiyyantar da jama'a, kamar yadda dokar hana dukan yara ta 1979 ta sauya abin da iyayen ƙasar suke ɗauka daidai. Gwamnati da bakinta ta ce hukuncin ƙari ne kawai, babban aikin na ma'aikatan jin daɗin jama'a ne. Da aka zo rabon kuɗi kuwa, 'yan sanda aka ware wa krona miliyan 7. Sai a 2008 aka fito da shiri mai kasafin sama da krona miliyan 200 wanda ya haɗa da tallafi. Wannan tazara ta kusan shekara goma tsakanin sanda da taimako ita ce aibin da ya bi tsarin duk inda ya je.

Masu kare dokar suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. A 2010 kwamitin da Anna Skarhed ta jagoranta ya ce karuwancin kan titi ya ragu da rabi tun 1999. Ya kuma kwatanta da maƙwabta: kafin dokar, Stockholm da Oslo da Kopenhagen kusan kunnen doki suke, amma zuwa 2008 adadin matan titi a biranen biyun ya ninka na Stockholm kusan sau uku. 'Yan sanda sun ce maganganun wayar masu safarar mutane da suka saurara sun nuna suna ganin Suwidin kasuwa ce mai wahala da ƙarancin riba. Ra'ayin jama'a ma ya juya: a 1996 kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka goyi bayan hukunta mai saye, bayan dokar kuwa adadin ya haura kashi 70 ya kuma zauna a wajen. Mazan da suka amsa cewa sun taɓa biyan kuɗi sun sauko daga kusan kashi 13 a 1996 zuwa kusan kashi 8 a 2008. Duk mai adalci zai yarda cewa wani abu ya motsa, kuma saurayin da ya taso a Suwidin bayan 1999 ya taso ne da sanin cewa abin da kakansa ya ɗauka haƙƙin namiji ne, yanzu laifi ne da ke iya kai shi gaban alƙali.

Amma sai an yi wa waɗannan alƙaluma karatun natsuwa. Shekarun da titi ya yi ta raguwa su ne shekarun da wayar hannu da intanet suka shiga kowane gida, kuma a ƙasashen da ba su da irin wannan doka ma harkar ta bar titi ta koma ɗaki. Hukumar lardin Stockholm ta gano a rahotonta na 2015 cewa tallace-tallacen intanet sun tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa kusan 7,000 cikin shekara takwas. Talla ɗaya ba mace ɗaya ba ce, amma wannan ya isa nuna cewa ƙirga matan titi ba ƙirga karuwanci ba ne. Adadin mazan ma akwai alamar tambaya a kansa, domin tambayar da aka yi musu ita ce ko sun taɓa saye a tsawon rayuwarsu, kuma irin wannan adadi ba ya zubewa haka cikin shekara 12 sai dai in mutane sun daina faɗin gaskiya game da abin da ya zama laifi. Binciken hukumar lafiyar jama'a na 2017 ya mai da adadin kusan kashi 10, ya kuma nuna yawancin masu sayen a ƙasashen waje suke yi. Shi kansa kwamitin Skarhed an gindaya masa tun farko cewa batun soke dokar ba ya cikin aikinsa, kuma mata ƙalilan masu harkar ya saurara. Da suka ce ƙyamar da ake nuna musu ta ƙaru, rahoton ya ɗauki hakan a matsayin abin da ya dace da manufar dokar. A nan ne tsarin ya fara cin karo da kansa, don ba ya yiwuwa a ce an yi doka domin kare mace sannan a ƙirga ƙarin wulaƙancinta cikin riba.

Babbar matsalar tana cikin dokokin da ke zagaye da haramcin. A Suwidin mai gidan da ya san ana karuwanci a ɗakin da ya bayar haya, ya kuma yi shiru, ana iya tuhumarsa da kawalci, saboda haka da zarar 'yan sanda sun sanar da shi sai ya kori 'yar hayar. Mata biyu da suka kama ɗaki ɗaya don su tsare juna suna iya fuskantar tuhumar kawalci. Dokar baƙi ta ba da damar mai da baƙuwa ƙasarta in ana zaton ba za ta ci abinci ta hanyar gaskiya ba, kuma an yi amfani da wannan a kan masu sayar da jiki, alhali mafi yawan masu harkar a ƙasar yanzu baƙi ne. Sannan hanya mafi sauƙi ta kama mai saye ita ce a laɓe a ƙofar mace a jira fitowarsa, wato ita ake bibiya duk da ba ita ake nema ba. Kafin 2022, shi a ci shi tara ya koma gidansa, don har zuwa binciken 2010 babu namiji ko ɗaya da aka ɗaure saboda saye kawai. Ita kuwa ta rasa ɗaki, wani lokaci ta rasa ƙasar. Ko darasin tarbiyyar ma bai tsaya inda aka so ba, domin a wani bincike na 2008 sama da rabin waɗanda aka tambaya sun ce a hukunta mai sayarwa ita ma. Jama'a sun koyi ƙin karuwanci, amma da yawansu ba su koyi tausayin karuwa ba.

Norwe ce ta fi fito da wannan a fili, kuma a nan labarin ya taɓo Najeriya. Daga wajen 2004 mata 'yan Najeriya, galibinsu daga jihar Edo, suka fara bayyana a Oslo bayan sun ratso Italiya da Sifaniya, har suka kai ga titin Karl Johan, wanda ya miƙe daga tashar jirgin ƙasa ya wuce majalisa zuwa fadar sarki. Jaridu suka yi ca. A babban taronta na 2007 jam'iyyar ma'aikata ta amince da haramta saye duk da shugabanninta ba su so ba, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma ta bi ɗan ƙasar har in a waje ya saya. Cikin masu goyon bayanta akwai masu tausayin matan da gaske, akwai kuma waɗanda burinsu kawai a share musu titi daga baƙaƙen fata. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a 2014 ya ce kasuwar ta ragu. Amma a 2007 'yan sandan Oslo suka ƙaddamar da wani samame da su da kansu suka laƙaba wa sunan raba mutum da muhalli, inda suka riƙa matsa wa masu gidaje su kori matan. Rahoton Amnesty International na 2016 ya kawo labaran matan da aka yi wa fashi ko fyaɗe, suka kai ƙara, sakamakon ya zama kora daga gida ko tasa ƙeya zuwa wata ƙasa. Yarinyar da ta bi ta Agadas da Libiya, da rantsuwar tsafi a wuyanta da bashin dubban Yuro na magajiyarta, in ta ga abin da ya sami wadda ta je wurin 'yan sanda, ba za ta je ba. Wanda ya ci ribar wannan shiru shi ne mai safarar da aka ce don shi aka yi dokar.

Duk da haka tsarin ya ci gaba da yaɗuwa, kuma kowace ƙasa da dalilinta. Aisland ta karɓa a 2009. A Kanada kotun ƙoli ce ta soke tsofaffin dokokin karuwanci a Disambar 2013 bisa hujjar cewa suna jefa rayukan matan cikin haɗari, sai gwamnatin Stephen Harper ta masu ra'ayin riƙau ta maye gurbinsu da haramcin saye a 2014, shekarar da Majalisar Turai ma ta yaba da tsarin. A Ailan ta Arewa ɗan jam'iyyar masu tsananin riƙo da addinin Kirista, Lord Morrow, shi ya kawo ƙudurin da ya fara aiki a 2015. Jamhuriyar Ailan ta bi a 2017, Isra'ila ta zartar a ƙarshen 2018 ta fara aiwatarwa a 2020. Dokar da 'yan gwagwarmayar mata masu ra'ayin gurguzu suka haifa ta zama abin so ga malaman coci da masu ƙin baƙi, kowa da abin da yake nema a cikinta. Sakamakon ya nuna haka. Binciken Jami'ar Queen's ta Belfast na 2019 ya tarar an kama mutum 15 ne kacal, aka hukunta biyu, cikin sama da shekara uku, kuma kasuwar ba ta ragu ba. A Jamhuriyar Ailan dokar da ta sa wa mai saye tarar Yuro 500 ita ce ta ninka hukuncin buɗe gidan karuwai, kuma a 2019 wata kotu ta yanke wa wasu 'yan Romaniya biyu ɗaurin wata tara saboda suna aiki a ɗaki ɗaya, ɗayarsu tana da juna biyu.

Faransa ce ta yi ƙoƙarin gina tsarin da ƙafafunsa duka. Dokarta ta 13 ga Afrilu, 2016, shekara 70 cif bayan rufe gidajen karuwai, ta soke laifin tsayawa neman kwastoma wanda aka tsananta a 2003, ta sa wa mai saye tarar Yuro 1,500, in ya sake 3,750, tare da zaman wayar da kai. Ta kuma kafa shirin fita daga karuwanci mai ɗauke da tallafin wata-wata, taimakon masauki, da takardar zama ta wata shida da ake iya sabuntawa ga baƙuwa. A rubuce wannan shi ne abin da Suwidin ta yi alkawari ba ta cika ba. A aikace tallafin ya fara ne da Yuro 330 a wata, kuɗin da ba ya biyan hayar ɗaki a Faris, kuma sai mace ta daina harkar kafin wakilin gwamnati a lardi ya amince da ita. A ƙasar da ake ƙiyasta masu harkar sun kai 30,000 zuwa 40,000, waɗanda suka shiga shirin zuwa ƙarshen 2023 ba su kai 2,000 ba. Binciken da aka yi tare da ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde a 2018, inda aka tambayi mutum 583, ya nuna kashi 78 cikin ɗari samunsu ya ragu, kashi 63 rayuwarsu ta ƙara tsanani, kashi 38 kuma sun ce tilasta wa kwastoma sa kwaroron roba ya ƙara wuya. Dalilin a fili yake. In masu saye suka ragu amma kuɗin haya da bashin magajiya ba su ragu ba, wadda ke jira a bakin hanya za ta karɓi mutumin da a da za ta kora, a farashin da a da za ta raina, a lungun da shi ya zaɓa don gudun 'yan sanda.

Mai karatun da ya tashi a kan tarbiyyar addini zai ce duk wannan wahalar banza ce: zina ta mutum biyu ce, in ɓera da sata daddawa ma da wari, a hukunta su duka. Amsa ita ce dokar ƙasa ba hisabin zunubi take yi ba, tana zaɓar wanda ɗan sanda zai bi ne, kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa in aka ce a bi duka biyun. A Amurka, inda saye da sayarwa duk laifi ne a kusan duk faɗin ƙasar, mata ne mafi yawan waɗanda aka yi ta kamawa shekara da shekaru. Ita ce ke tsaye a wuri ɗaya kullum, ita ce ba ta da kuɗin lauya, shi kuwa ya zo ya wuce cikin motarsa. Tambarin laifin da aka buga mata shi zai hana ta samun aikin da zai fitar da ita. Ba sai mun je nesa ba: a 2017 kotun ƙungiyar ECOWAS ta sami gwamnatin Najeriya da laifin keta haƙƙin wasu mata da jami'ai suka kwashe a titunan Abuja da sunan karuwai, kuma samamen da aka kai wuraren shaƙatawa na birnin a 2019 mata ya kwasa. Ko a Musulunci ma, ayar Suratun Nur da ta hana tilasta wa kuyangi karuwanci ta bambanta mai tilastawa da wadda aka tilasta. Hukuncin da aka rubuta daidai wa daida amma kullum yake sauka a kan mai rauni bai cika sharaɗin adalcin da masu kiransa suke nema ba.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a cire hannun 'yan sanda gaba ɗaya, kuma su ma hujjarsu tana da nauyi. Niyu Zilan ta yi haka a 2003 da ƙuri'a 60 da 59, matan can sun fi samun ƙarfin guiwar kai ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya da Amnesty International suna goyon bayan wannan hanya, kuma wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2014 ya ƙiyasta cewa za ta iya hana kashi 33 zuwa 46 na sabbin kamuwa da ƙanjamau tsakanin masu harkar da abokan hulɗarsu cikin shekara goma. Amma Niyu Zilan tsibiri ce mai nisa, kuma dokarta ta hana baƙuwa mai takardar zama ta wucin gadi yin harkar, in an kama ta a kore ta. Holan da ta halatta gidajen karuwai a 2000, da Jamus da ta mai da harkar sana'a a 2002, ba su ga abin da suka zata ba. A Jamus mata ƙalilan ne suka yi rajista a matsayin ma'aikata masu inshora, manyan gidajen karuwai suka bunƙasa da matan Romaniya da Bulgeriya, har gwamnati ta dawo da rajistar dole a 2017. Masu wannan ra'ayi sun yi daidai da suka ce a saurari matan. Inda suka yi sako-sako shi ne tambayar da Suwidin ta yi tun farko, wato wane irin zaɓi ne ke gaban wadda yunwa ko bashi ya kawo, kuma mene ne matsayin namijin da ya ga halin da take ciki ya ciro kuɗi.

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta taɓo wannan a ranar 25 ga Yuli, 2024, a ƙarar da masu harkar su 261 suka kai Faransa. Ta ce dokar ba ta keta haƙƙinsu ba, tun da ƙasashen Turai ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, amma ta ɗora wa hukumomi nauyin ci gaba da duba tasirinta a kan waɗanda abin ya shafa. Ita kuwa Suwidin kullum ƙara tsananta hukunci take yi: ta ɗaga ɗauri zuwa shekara ɗaya a 2011, ta cire zaɓin tara a 2022, ta faɗaɗa laifin a 2025 ya haɗa da biyan kuɗi don a yi wa mutum abin batsa kai tsaye ta intanet. Tsananta hukunci ba ya cin kuɗi da yawa, kuma yana farin jini lokacin zaɓe. Gina gidan fakewa, biyan kuɗin koyon sana'a, ba baƙuwa takardar zama, su ne masu tsada, su ne kuma ake jinkirtawa.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna irin wannan doka da shi ba yawan mazan da aka ci tara ba ne, ba kuma tsabtar titi ba. Abin tambaya shi ne ko macen da aka yi wa duka daren jiya za ta iya shiga ofishin 'yan sanda da safe ba tare da ta rasa ɗakinta ko an sa ta a jirgi ba, kuma ko wadda ta ce ta gaji za ta sami abin da za ta ci a watan da ta daina. Tushen dokar 1999 daidai ne: bayan kusan shekara 200 ana bin mace ana barin namiji, ya kamata a tambayi mai kuɗin shi ma. Amma tushen ba ya aiki shi kaɗai. Sai an raba kai ƙara da binciken takardun shige da fice, an daina ɗaukar mata biyu masu tsare juna a matsayin gidan magajiya, an kuma sa kuɗin fita a kasafi kafin a fara karɓar tara. Ƙasar da ta ari haramcin ta bar waɗannan ukun ta ƙara laifi ɗaya ne a kundinta, amma a aikace ta ci gaba da hukunta mace ta ɓarauniyar hanya, kuma ba don haka waɗanda suka yi gwagwarmayar kafa dokar suka yi ta ba.